Kwanon Gidan Dabo

A layinsu na Rijiyar Lemo, in aka idar da sallar magariba maza ba sa shiga gida cin abinci. Tabarma ake shimfiɗawa a ƙofar gidan Alhaji Dabo, kowane magidanci ya fito da kwanon gidansa ya dire a tsakiya, a buɗe su gaba ɗaya, a sa hannu. Ciyayya ke nan. Tun kafin a kawo Zaituna gidan ake yin ta, har 'ya'yanta suka girma suka watse ba ta taɓa jin an fasa ba, sai dai in ruwan sama ya kore su zuwa cikin soro.

Ita Zaituna ba ta taɓa ganin zaman nan da idonta ba. Me zai kai ta? Abin da ta sani shi ne kwanonta yana fita a cike, ya dawo a suɗe. 'Yar mutanen Gashuwa ce, tun tana goye iyayenta suka zo Kano, amma hannun girkin can ta gada. In ta yi burabusko sai man shanu ya kwanta a kai, in ta tuƙa tuwon shinkafa sai ka ji tausayin cokali. Ba ta da abin alfahari da ya wuce wannan, kuma ba ta ɓoyewa.

Shi kuwa Alhaji Dabo jikinsa ya ba da shaida. Shadda yake sayarwa a Kantin Kwari, yana zaune tun hantsi har la'asar sakaliya, ba abin da ke motsi a jikinsa sai baki da hannun awo. Tumbi ya yi gaba, wuya ya cika, duk sallah sai telansa ya nemi ƙarin yadi. Mutane suna cewa hutu ne, suna yaba wa matar gida, ita kuma tana ta jin daɗi.

Sai ƙishirwa ta fara. Ya sha ruwa ya ƙara, ya yi ta zaryar banɗaki. Wata safiya yana sa takalmi ya ce mata yatsun ƙafarsa kamar ba nasa ba. Zaituna ta tsorata, don da haka wansa ya fara, kuma ita ce ta riƙa kai abinci asibiti lokacin da aka yanke wa wan nasa ƙafa. Bai shekara ba bayan nan ya rasu. Ta tsare Dabo da magiya har ya yarda suka je aka gwada jininsa. Likita ya ce ciwon suga ne, ya rubuta magani, ya ce sai ya rage jiki in yana son ƙafarsa.

A hanyar dawowa, da suka shigo layi, Dabo ya juyo ya dube ta.

"Zaituna, kada kowa ya ji. Ko 'yarki Mahbuba."

"To, Alhaji. Amma ban da Maman Ogechi. Ita ai ba kowa ba ce."

Ya yi shiru, ta ɗauki shirun a matsayin ya yarda.

Maman Ogechi ita ce Agnes, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ke zaune a Sabon Gari da mijinta Chibuike. Ita ta karɓi haihuwar Mahbuba, tun daga nan ƙawance ya ƙullu, da sallah a kai mata nama, da Kirsimeti ta aiko da cincin. A Kano aka haife ta, Hausa a bakinta har ta fi ta wasu 'yan Fagge. Tana da sikeli a ƙarƙashin gado da 'yar na'urar gwajin suga, kuma tana da baki, ba ta rufa wa kowa.

Washegari Zaituna ta kai shi. Agnes ta ɗora shi a sikeli, ta dubi allura, ta dubi Zaituna.

"Hajiya, wannan aikin hannunki ne. Ke kika ɗora, ke za ki sauke."

"Yanzu yunwa zan sa shi, Maman Ogechi?"

"Wa ya ce yunwa? Mai shan maganin suga ba ya zama da yunwa. Ki cika rabin kwano da ganye, ki sa wake ko kifi, tuwo ɗan dunƙule kamar hannunki, na dawa ko na alkama. Mai kuwa da cokali za ki auna, ba da ludayi ba. Lemon kwalba ku yi sallama da shi. Kai kuma Alhaji, tafiya da ƙafa kullum, ba gudu na ce ba, tafiyar da za ka iya hira kana yi. Maganin likita kada ka tsallake. A hankali jiki yake sauka, wanda ya yi gaggawa dawowa yake."

Duk maganar nan ba abin da ya soki Zaituna kamar mai da cokali. Har suka hau adaidaita tana juya shi a ranta. Amma da ta tuna gadon asibitin nan da zanin da ya kwanta a inda ya kamata ƙafa ta kasance, sai ta ce a ranta ko da ɗan yatsa aka ce ta auna za ta auna.

Ta shiga aiki ba wasa. Ta koyi hanyar 'Yankura, tana zaɓo kabeji da yalo da kokwamba, Agnes ta nuna mata mai sayar da ganyen ugu na kirki. Zogale da rama kuwa ba sai an nuna mata ba. Da fari abincin ya fito salam, ita da kanta ta ɗanɗana ta yamutsa fuska. Amma mai hannu mai hannu ce. Ta gano in ta gasa kifi da citta da tafarnuwa, ta matsa lemon tsami, ta sa daddawa ta ji a miya, ba mai tuna man da babu. Kafin wata ya zagayo kwaɗon zogalenta ya zama abin da in ka fara ba ka son tsayawa. Da yake tukunya biyu wahala ce ga mutum biyu, ita ma abin da take ci ke nan.

Tafiyar kuwa tare suke yi. In ya dawo daga sallar asuba sai ta zura hijabi, su fita kamar masu zuwa gaisuwa, su miƙa har bakin titin Katsina su juyo. Ranar farko yana haki yana cewa ta rage sauri, sai ka ce an biyo ta. Daga baya hakin ya ragu, hira ta shigo. Ya ba ta labarin kasuwa, ta ba shi na jikoki. Ta lura rabon da su jera su biyu a hanya tun tana amarya, abin ya yi mata daɗi har tana jin kunyar kanta.

Da magariba shi da kansa yake ɗaukar kwanon ya fita da shi, ya dawo da shi tas, ko ganye ɗaya babu. Ita kuma ta duba ta ce alhamdu lillahi, Alhaji ya karɓi abin hannu biyu.

Sai ga wani abin mamaki. Zaninta ya fara kwancewa, gwiwar da ke damun ta in za ta miƙe daga sujada ta yi shiru, matan layi suna tambayar ta ko lafiya. Shi kuwa wanda ake yi dominsa yana nan yadda yake, tumbinsa ko gezau. Da suka koma Sabon Gari allurar sikeli ta tsaya kusan inda ta tsaya da, sugan ma ɗan abin da ya sauka bai taka kara ya karya ba. Dabo ya sa takalminsa ya ce ana jiran sa a kasuwa, ya bar su.

Agnes ta harɗe hannu. "Hajiya, ke kin sauka shi bai sauka ba. Me yake ci?"

"Abin da nake ci. Da safe kunu ba suga, da rana ina sa masa a kula ya tafi da shi, da dare kuma wallahi kwanon a suɗe yake dawowa."

"Dawowa daga ina?"

"Daga ƙofar gida mana. Ai a waje suke ci."

"Su wa?"

"Shi da maƙwabta."

Agnes ta dube ta ta dube ta, sannan ta fashe da dariya har tana dafa kujera. "Ni Baban Ogechi a gabana yake ci, ina ƙirga lomarsa. Ke kin taɓa ganin loma ɗaya ta shiga bakin Alhaji?"

Zaituna ta tuna kwanon nan da yake dawowa tas. Shekara da shekaru tana karanta kwano, bai taɓa yi mata ƙarya ba, kuma ko yanzu ba ƙarya ya yi ba. Ya ce an cinye, bai ce wa ya cinye ba.

Ran nan da magariba, bayan ya fita da kwanon, ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Ta lallaɓo soro ba takalmi, ta tsaya bayan ƙyaure. Ta ji ana buɗe kwanuka, ƙamshin soyayyen mai ya shigo har inda take.

"Dabo, turo na gidanka nan," in ji wata murya mai kauri. Bukar ne, mai shagon kayan masarufi a Kasuwar Singa. "Kai kuma ga taliyar nan, yau da manja aka yi ta, ja ta gabanka."

"Ku bar wa Malam wajen zogalen," wani ya ce.

"Allah ya yi wa Hajiya albarka," in ji wata siririyar murya a hankali. Ta gane ta. Malam Abdulƙahhar ne, tsohon malamin makaranta da ke ƙarshen layi. Tun da matarsa ta rasu ba mace a gidansa, nasa kwanon wajen mai abincin bakin titi yake sayowa, farar shinkafa da mai da yaji, don kada ya zo hannu rabbana.

Sannan ta ji muryar mijinta, baki cike, yana yaba taliyar gidan Bukar.

Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta koma ciki ta zauna a bakin murhu. Wato duk zaryar 'Yankura, duk tsinkar zogalen da ta sa yatsunta suka yi kore, ƙattin layi take wa aiki. Su suna ƙara lafiya, nata mijin yana shan manja.

Ba ta tanka masa a daren ba. Sai da safe, suna tafe, sun wuce masallaci ba kowa kusa, ta ce, "Alhaji, taliyar gidan Bukar ta yi daɗi jiya?"

Ya ɗan yi tuntuɓe.

"Laɓe kika koma yi, Zaituna?"

"Na koma. Kuma zan ƙara in ta kama. Ƙafarka nake tsoro, Alhaji. Ina kwana da tsoron nan ina tashi da shi."

Ya sauke numfashi. "Ke ba ki san zaman ba ne. A ciyayya ba mai jan kwanonsa gabansa. Naka za ka tura, ka ja na wani. Haka muka tarar. In na rungume nawa, ko a ce rowa ta kama ni da tsufa, ko a tambaye ni dalili."

"To in an tambaya sai ka faɗa. Ciwo ai ba sata ba ne."

"Kin manta Yaya?" Muryarsa ta yi ƙasa. "Ranar da aka ji, ranar ya daina zama mutum. Kowa ya gan shi sai ya jiki, ya jiki. Wannan ya kawo sassaƙe, wancan ya kawo labarin wanda abin ya kashe. In ya shigo taro ƙafarsa ake fara kallo kafin fuskarsa. Tun yana da ƙafar aka yanke masa ita da ido. Ni a tabarmar nan Dabo nake, ana musu da ni, ana zolaya ta. Ki bar mini wannan."

Fushinta ya narke, tausayi ya maye gurbinsa. Ta ga yadda yake taka ƙasa a hankali, yana duba inda zai sa ƙafa, sai ta ji kamar ta kama hannunsa a tsakiyar titi. Ba ta kama ba, ta dai rage sauri har suka daidaita.

Kafin su kai gida ta samo dabara. Tunda ba zai ci nasa a waje ba, to ya ci a ciki. Daga ranar, kafin a kira magariba sai ta zaunar da shi a tsakar gida, ta sa masa ganyensa da kifinsa da ɗan dunƙulen tuwonsa, ta zauna tana kallo har ya tashi. In ya fita a ƙoshe, abin da zai taɓa a waje kaɗan ne. Su kuma na waje ta koma yi musu irin na da, tuwon shinkafa da miya mai kitse, tana kwarara man shanu da ɗan haushi. Tunda mai suke so su ba mijinta, ga mai nan su sha.

Dabarar ta yi aiki, ba laifi. Wuyan rigarsa ya fara sakewa. Agnes ta ɗora shi a sikeli ta gyaɗa kai, ta ce sugan ma ya fara jin magana, likita kuma ya ce a ci gaba a haka. Wata safiya ya tsaya a hanya ya ce mata ya ji tsakuwa ta soke shi ta cikin takalmi, suka tsaya suna murna da tsakuwa kamar yara.

Sai dai abin bai zauna daram ba. A waje an fara yi masa tsiya, wai Dabo ya daina cin abincin mutane, loma biyu ya janye hannu, ko an raina girkin gidajensu ne. Ranar da tsiyar ta yi yawa sai ya zage ya ci don a bar shi, ya zama ya ci na ciki ya ci na waje, da safe ya tashi jiki a mace. Zaituna tana gani, ba yadda za ta yi. Ta yi masa alkawari ba za ta faɗa wa kowa ba, kuma ita ba mai saɓa alkawari ba ce.

Ana cikin haka, wata asuba ta sa hijabi tana jiran sa bai dawo daga masallaci ba. Gari ya waye, rana ta fito. Sai saƙonsa ya zo ta waya cewa suna asibiti shi da maƙwabta. Ba a ga Malam Abdulƙahhar a sahu ba, aka je aka buga ƙofa shiru, aka ɓalle, aka same shi kwance bai san inda yake ba.

Sai bayan la'asar Dabo ya shigo. Ko hula bai cire ba ya zauna a kan turmi.

"Ya jikin Malam?" ta tambaya.

"Ya farfaɗo. Suga ne, Zaituna. Ya daɗe da shi, ba wanda ya sani."

Ta ce innalillahi, ta zauna a ƙasa kusa da shi.

"Da mutane suka ragu ya kira ni. Ya ce in gode miki. Wai watannin baya kwanon gidana ne ya riƙe shi. Shi ba mai dafa masa irin abin da likita ya ce, abin da mai abinci ta zuba shi yake samu. Sai kawai ya ga girkin gidan nan ya canja, ya zama daidai da abin da aka ce ya ci. Bai san dalili ba, ya ɗauka Allah ne ya dube shi. Har ya fara jin ƙarfi. Da girkin ya koma na da, bai ga bakin tambaya ba, ya ci gaba da cin abin da ya samu."

Zaituna ta tuna man shanun da take kwararawa da haushi, ta tuna siririyar muryar nan tana sa mata albarka. Hawaye ya zubo mata. Ba ta san ta cuci kowa ba, amma zuciyarta ba ta karɓi wannan uzurin ba.

"Gefena yake zama," in ji Dabo, yana kallon ƙasa. "Gwiwarsa tana taɓa tawa. Ciwo ɗaya, ina ɓoye masa yana ɓoye mini. Ni na shiga ciki na ci mai kyau, na fito na tura masa mai."

"In an sallamo shi zan riƙa aika masa nasa gida," ta ce. "Ba wanda zai sani."

Ya girgiza kai. "Ba ki san Malam ba. Kwano biyu zai karɓa, na uku ya ce a gode, ya ƙoshi. Mutumin da yake sayo abinci don kada a ce ya zo cin na wasu? A tabarma kawai yake cin na mutane, don a nan kowa na kowa yake ci."

Ta ga inda maganar ta nufa, shi ma ya gani. Ba ta ƙarasa masa ba. Ta tashi ta kawo masa ruwa, ta cire masa hular ta rataye.

Kwanakin da Malam ya yi a asibiti Dabo bai sake tada zancen ba. Suna fita tafiyarsu da asuba, hirar ta ragu. Ita kuma ta kama bakinta, abin da bai saba zame mata da sauƙi ba. Da ta kai wa Agnes labari, Agnes ba ta yi dariya ba wannan karon. Ta ce, "Ki bar shi, Hajiya. Wannan ba aikin sikeli ba ne."

Ranar da aka sallamo Malam, Zaituna ta je 'Yankura da wuri. Ta tsinke zogale mai yawa, ta yanka kabeji da kokwamba, ta gasa kifi, ta tuƙa tuwon dawa ta mulmula ƙanana. Ba ta ɗora shinkafa ba, ba ta kuma hana kanta tunanin cewa in ya ce a ɗora za ta ɗora. Da la'asar ta yi sanyi ya shigo ya wanke hannu. Ta tsaya da ludayi a hannu.

"A ina za ka ci yau, Alhaji? Ciki ko waje?"

Ya daɗe yana kallon tukwanen.

"Zuba a babban kwanon nan. Ki cika shi."

Bayan magariba ya ɗauka ya fita. Ta ba shi ɗan lokaci, sannan ta bi bayansa zuwa soro, wannan karon ko takalmin ba ta cire ba. Ta ji ana yi wa Malam barka da arziki, yana amsawa da muryar da ta ƙara sirancewa. Ta ji ana buɗe kwanuka.

"A'a, yau zogalen Hajiya ya dawo," in ji Bukar. "Turo shi nan, Dabo, mun yi kewa."

"Yau ba zan turo ba."

Wani ya yi dariya yana zaton wasa ne.

"Wannan nawa ne ni da Malam," in ji Dabo. Zaituna ta ƙara matsowa jikin ƙyaure. "Ciwon da ya kwantar da shi ni ma ina da shi. Suga gare ni, tun bara. Shi ya sa kuka ga ina janye hannu, ba raini ba ne. An ce in rage jiki ko in bi Yaya. Na ɓoye muku, ban kyauta ba. Daga yau abin da ke cikin kwanon nan shi za mu ci, ni da shi. Wanda ya ga dama ya sa hannu, akwai da yawa, amma kada a ƙara tura mana mai."

Wani babur ya wuce a layin, ƙararsa ta yi nisa ta ɓace. Zaituna ta runtse ido tana jiran kalmar nan da yake tsoro, tana roƙon Allah kada kowa ya ce masa ya jiki.

Sai Bukar ya yi gyaran murya.

"Amma Dabo kai mugu ne. Ka zuba mana ido wata da watanni muna cinye maka magani, kai kana cinye mini taliya. Yanzu wa zai biya ni?"

Dariya ta tashi, har da ta Malam, wadda tari ya katse. Ta ji an ja kwano a kan tabarma, wani yana cewa a matsar musu da shi gabansu, wani kuma yana tambaya ko Hajiya za ta koya wa ta gidansa haɗin nan. Musu ya ɓarke a kan ko dawa ta fi alkama, Dabo a ciki tsundum, ana katse shi yana katse su.

"Bismillah, Dabo," in ji Malam Abdulƙahhar a hankali.

"Bismillah, Malam."

Ɗanyen kabeji ƙara gare shi a baki. A cikin hayaniyar nan Zaituna ta tsinci taunar mijinta, ta san ta ko cikin mutum nawa ne. Ta jingina da ƙyaure tana saurare, tana kuka ba sauti, har ya kai loma ta gaba.